Fitila, Bitamin D ko Rigar Ruwa: Me Baƙon Ingila Zai Fara Saye Idan Kaka Ta Shigo?

A gida, kaka lokacin walwala ce. An yanke gero, rake ya cika kasuwa, ga dafaffiyar gyaɗa a kowace tasha, manomi ya sami kuɗin aure, 'yan dambe sun fara yawo gari-gari. Shi ya sa wanda ya zo Ingila karatu a watan Satumba yakan sha mamakin abin da ake kira kaka a nan. Ganye ne ke ta zuba, sama ta yi toka-toka, sannan ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa 1, sai magariba ta riske ka kana tsakiyar lacca. A Manchesta inda nake zaune, idan Disamba ta yi nisa rana ba ta fitowa sai bayan 8:20 na safe, kuma kafin 4:00 ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba, da alwala ɗaya za ka iya sallatarsu. A Kano kuwa, ko a tsakiyar sanyi yini ba ya gaza awa 11.

Shekarata ta farko, daga tsakiyar Nuwamba na fara barcin awa 10 ina tashi kamar wanda aka lakaɗa wa duka. Burodi da shayi mai sukari cokali uku suka zama abincina. Waya ta yi ta ruri daga gida ina kallonta. Da na gaya wa Hajiyarmu, cewa ta yi in riƙe Falaƙi da Nasi, ta kuma ƙara da cewa, "Amma kai ma ka je ka ga likita, kada ka zauna." Likitoci suna da sunan wannan hali, SAD suke ce masa a taƙaice, wato damuwar da ke zuwa da sauyin yanayi. Dakta Norman Rosenthal, wanda ya jagoranci bayyana shi a 1984, shi ma baƙo ne: daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka, ya ga yadda hunturun can ke kashe masa jiki. Ba kowa abin ke kai wa matakin ciwo ba. Yawancinmu kasala ce da ƙuncin rai, kuma 'yan kasuwa sun san da mu. Oktoba na kamawa za ka ga tallar fitilu da ƙwayoyi da shayin ganye ta cika maka waya. Na sayi kusan dukkansu, don haka ga yadda na same su.

Fitilar haske ce ta fi tsada, ita ce kuma aka fi cutar mutane a kanta. Aikinta shi ne ta shigar da haske mai ƙarfi cikin ido da sassafe, domin da hasken safiya ƙwaƙwalwa ke saita agogon jiki, ta rage sinadarin melatonin mai sa barci. Ana auna ƙarfin haske da luks. Falon gida da daddare bai cika wuce luks 200 ko 300 ba, ofis kuma wajen 500. Fitilar da aka yi gwaje-gwajen asibiti da ita luks 10,000 take bayarwa, a zauna gabanta kamar minti 30 da safe. Ba zuba mata ido ake yi ba. Ajiye ta ake yi a gefen tebur, mutum ya ci gaba da karin kumallonsa ko karatunsa, ido a buɗe.

Inda gizo ke saƙar shi ne a kan kwali kowa 10,000 yake rubutawa, ba kowa ke faɗin daga wace tazara ba. Ta farko da na saya a intanet, fam 20 da 'yan kai, girmanta bai wuce littafin aljihu ba. Sai da ta iso na karanta ƙananan rubutun da ke takardar ciki, ashe sai ka kusan manna mata hanci sannan ka sami wannan ƙarfin. Da ka matsa baya kaɗan haske ya zube. Araha ba ta ado, yanzu tana kan shiryayye ina haska littafi da ita. Saboda haka kafin ka biya, nemi tazarar da kamfani ya rubuta. Idan santimita 20 zuwa 30 ce ko fiye, za ka iya zama ka ci abinci a gabanta cikin natsuwa. Idan ba su rubuta ba sam, wuce. Duba faɗin fuskarta, domin babba ta fi yafe maka idan ka motsa kai. Tabbatar an rubuta tana tace hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai ƙona fata da ido, kuma an yi mata rajista a matsayin na'urar kiwon lafiya. Lumie na nan Ingila da Beurer na Jamus su ne sunayen da za ka fi cin karo da su. Ƙananan nasu kan fara daga wajen fam 50, manya su haura 100. NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a nan, ba ta saba raba ta kyauta ba, kuma ita da kanta tana cewa shaidar amfaninta ba ta gama ƙarfi ba, duk da mutane da yawa kan ji sauƙi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ni na ji. Sai dai ranar da na kunna ta da yamma, ban runtsa ba sai 2:00 na dare.

Akwai waɗanda bai kamata su saya ba sai sun ga likita: mai ciwon ido, mai shan maganin da ke sa fata ko ido su kasa jure haske, da mai lalurar nan da ke kai mutum daga matsanancin ƙunci zuwa matsanancin zumuɗi, domin hasken na iya tayar masa da zumuɗin. Ciwon kai da gajiyar ido a kwanakin farko kuwa ba baƙon abu ba ne.

Kada a haɗa ta da agogon nan mai kwaikwayon fitowar alfijir, wanda haskensa ke ƙaruwa a hankali kafin ƙararrawa ta buga. Ƙarfinsa bai kai ko kusa ba. Yana da daɗi ga mai fama da tashi asuba a ɗaki mai duhu da sanyi, shi ke nan aikinsa. Idan kuɗin ɗaya gare ka, ɗauki fitilar.

Bitamin D kuwa, a ganina ba abin shawara ba ne, saye kawai za ka yi, ko da ba don walwala ba. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi. Tun 2016 shawarar hukumomin lafiya a nan ita ce kowa ya riƙa shan maikurogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, wanda a jikin kwalba za ka ga an rubuta 400 IU. Mu baƙaƙen fata, da matan da ke rufe yawancin jikinsu, shawarar ita ce mu sha duk shekara, domin fatarmu ta fi buƙatar rana kafin ta samar da daidai abin da ta Bature ke samarwa. Kwalbar da za ta kai ka watanni, ta babban kanti wadda ba ta da wani suna, ba ta kai kuɗin shawarma ɗaya ba, kuma abin da ke cikinta ɗaya ne da na mai kwali mai ƙyalli. Abu biyu za ka duba. Na farko ƙwanso: masu taushin nan da gelatin ake yin yawancinsu, ba kuma a cika faɗin daga wace dabba ba, don haka ɗauki ƙwaya busasshiya, ko na fesawa a baki, ko wanda aka rubuta halal ne ko ya dace da marasa cin nama. Na biyu yawa: baligi kada ya wuce maikurogiram 100 a rana, wato 4,000 IU, sai da umarnin likita, domin yana taruwa a jiki ya ɗaga sinadarin kalsiyam har ya taɓa ƙoda.

Sai dai kada ka sa ran zai yaye maka ƙunci. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga sakamakonsa a 2020, mutum sama da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama, ya nuna shan 2,000 IU kullum bai hana ciwon damuwa ba. Idan naka ya yi ƙasa sosai har kana jin ciwon ƙashi da raunin jiki, gyara shi zai taimaka, kuma gwajin jini ne zai nuna. Fitilar da muka yi magana ma ba ta samar da shi, tunda an tace mata UV, wanda shi ne ke sa fata ta samar da shi. Kifin titus da sadin na gwangwani da gwaiduwar ƙwai suna ɗan ƙarawa.

Ɓangaren ganyayyaki ne ya fi ba ni tsoro, saboda mu mutane ne da da zarar an ce "ai ganye ne" sai mu saki jiki. Wanda aka fi tallatawa shi ne St John's wort, wani tsiro mai furanni rawaya. Yana da ɗan tasiri a kan damuwa marar tsanani, amma yana sa hanta ta yi saurin ƙona wasu magunguna. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, da warfarin mai hana daskarewar jini, da magungunan HIV, kuma haɗa shi da maganin damuwa na asibiti haɗari ne babba. Yana kuma sa jiki ya kasa jure haske, ka ga ke nan shi da fitila ba sa ga maciji. Wanda ya nace, ya nemi mai tambarin THR a kwali, ya kuma nuna wa mai kemis duk abin da yake sha. Tambarin yana nufin an tantance tsabta da inganci ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Ashwagandha da ke tashe yanzu, Denmak ta hana sayar da shi a 2023, an kuma sami rahotannin ya taɓa hantar wasu. Ni dai citta da kanumfari da na'ana'a na shagunan unguwar Longsight da ke nan Manchesta sun ishe ni. Ba magani ba ne, amma ƙamshinsu kaɗai kan mayar da ni rumfar mai shayi a Ƙofar Nassarawa.

Abin da ya fi yi mini amfani ba a shagon magani na saye shi ba. Riga ce mai hula wadda ruwa ba ya ratsawa, da takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa. Ko ranar da hadari ya rufe sama ruf, hasken waje yakan kai luks 1,000 ko fiye, ya ninka na ɗakinka sau da yawa, kuma kyauta ne. Abin da ke hana mu fita ba ƙiwa ba ce kawai, kayan da muka zo da su ne. Jaket ɗin Kantin Kwari an yi shi ne don sanyin hunturu busasshe. Yayyafin Manchesta na minti 10 zai jiƙa shi sharkaf ya ƙara masa nauyi. A duba kalmar waterproof da ke nuna ruwa ba ya shiga sam, ba water-resistant da ke nufin yana ɗan jure yayyafi ba, kuma a sayi mai yalwa yadda suwaita biyu za su shiga ƙarƙashi. Shagunan sadaka masu sayar da gwanjo suna da su a farashi mai sauƙi, musamman a unguwannin masu hali. Tunda na sami tawa, minti 30 tsakanin azahar da la'asar na waje ne, ranar Juma'a kuma a ƙafa nake zuwa masallaci, inda ake tsayawa a gaisa da Hausa a bakin ƙofa. Wannan gaisuwar ma na lissafa ta cikin maganin.

Rajistar wurin motsa jiki fa? Idan ka san za ka je, to. Amma a cikin gini yake, kuma kuɗin wata-wata ba ya tsayawa don ka daina zuwa. Gwada parkrun tukuna: kilomita 5 kowace Asabar da 9:00 na safe, kyauta, a gudu ko a tafiya, akwai shi a filayen shaƙatawa na Platt Fields da Heaton Park a nan Manchesta da ɗaruruwan wurare a faɗin ƙasar.

Da za a ba ni fam 50 a ce in fara daga farko, riga da takalmi na gwanjo zan saya, canjin in sayi bitamin D. Idan kuɗin ya kai 150, ko aikina irin na masu shiga da duhu su fito da duhu ne, kamar ma'aikatan jinya da masu aikin sito, to sai in ƙara fitila mai faɗi, in saye ta tun Satumba kafin jiki ya mutu. Kayan da aka saya ta intanet doka ta ba da kwana 14 a fasa, don haka kada a yar da kwali.

Idan kuwa ƙuncin ya wuce mako biyu, ka kasa zuwa aji ko aiki, ko ka fara jin rayuwar ta fita daga ranka, wannan ya wuce abin saye a kanti. Ka kira GP ɗinka, wato likitan unguwa da ka yi rajista da shi, ko ka yi wa kanka rajista a NHS Talking Therapies, sashen da ke kula da masu damuwa ta hanyar tattaunawa, wanda a Ingila ba ya buƙatar takardar likita kuma ba a biya. Cikin dare akwai Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu ƙuncin rai, a lamba 116 123, kiran kyauta ne, kowace sa'a suna ɗagawa.