Faifan Halloween na cikar shekara 35: hoton ya biya kuɗinsa, tsarabar ce da saura

Faifan da nake magana a kai shi ne Blu-ray ɗin da kamfanin Anchor Bay ya fitar a 2013, lokacin da fim ɗin Halloween na John Carpenter ya cika shekara 35. Kwalinsa kamar ƙaramin littafi ne, da 'yan shafuka na hotuna da bayani, faifai ɗaya tal a ciki. Nawa na hannu ne, ƙanen wani abokina da ke karatu a Amurka ya taho mini da shi. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da tace hoto, saboda haka idan na sayi faifai irin wannan, rabin kuɗin na biya ne don in ji yadda aka yi aikin.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, labarin gajere ne. A 1963 wani yaro ɗan shekara shida, Michael Myers, ya kashe yayarsa da wuƙa. Bayan shekara 15 ya gudu daga asibitin masu taɓin hankali ya dawo garinsu, ya sa wasu 'yan mata masu aikin rainon yara a gaba, likitansa kuma yana biye da shi. Shi ke nan. Amma sunan da ke fara bayyana a allo ya kamata ya tsayar da duk Bahaushen da ya taso da kallon kaset: Moustapha Akkad. Eh, shi dai, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, wanda ya yi The Message a 1976, ya kuma yi Lion of the Desert, fim ɗin Umar Mukhtar da muka kalla har kaset ya fara cin zare. Shi ya zuba kuɗin Halloween, kimanin dala dubu 300, bayan furodusa Irwin Yablans ya kawo masa shawarar. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 47 a Amurka kaɗai. Akkad ya riƙe jerin finafinan har zuwa rasuwarsa a harin bam da aka kai wani otal a Amman a 2005, ɗansa Malek ya ci gaba. Na so a ce faifan ya ware masa ko da minti goma ne. Bai yi ba, kuma wannan na cikin abubuwan da na riƙe shi da su.

Bari in fara da inda ya burge ni. Dean Cundey, wanda ya riƙe harkar kyamara da haske a fim ɗin (shi ne daga baya ya ɗauki Back to the Future da Jurassic Park), shi da kansa ya zauna aka gyara launin wannan fitowar. Blu-ray ɗin farko na 2007 masu kallo sun yi ta ƙorafi cewa an wanke shuɗin nan na dare, an haska wurare da ya kamata su zauna cikin duhu. A nan duhun ya dawo. Akwai wurin da Laurie, babbar jarumar fim ɗin, wato Jamie Lee Curtis, ta jingina kusa da wata ƙofa bayan ta ga gawarwakin ƙawayenta, bayanta baƙi ƙirin, babu komai. Sai farar fuskar robar da Michael ke sawa ta fara fitowa a hankali, ba don mutumin ya matso ba, yana nan tsaye tun farko. Wata 'yar fitila Cundey ya ɓoye, yana ƙara mata ƙarfi kaɗan-kaɗan, daidai yadda ido ke sabawa da duhu. A kwafin da ake turawa a waya wannan wurin dagulewa yake yi, baƙin ya farfashe gida-gida, sai dai kawai ka ga fuska ta faɗo. A wannan faifan kana iya bin ta daga inuwa har ta cika. Na maimaita wurin har mai ɗakina ta ce in dai ba zan bar mutumin nan ya fito ba in kashe mata talabijin.

Hasken rana kuwa an rage masa kaifi, ya yi fari-fari da ɗan sanyi. Wasu ba sa son haka, sun fi son jan-jan ɗin da wani tsohon DVD ya ba shi. Ni ina ganin dalilin. Labarin a jihar Illinois yake, ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba. Amma an ɗauke shi ne a kudancin Kaliforniya, galibi a South Pasadena, a cikin kwana 20 wajen watan Mayun 1978, komai kore shar. Sai suka samo ganye suka shafa masa fenti, su watsa a titi, a ɗauka, sannan kowa ya duƙa a tattara a buhu a kai wuri na gaba. Kabewar da ake fafewa a bikin Halloween, na daren 31 ga Oktoba, ma da ƙyar suka samu, don ba lokacinta ba ne. Hoton faifan ya fito tas har ya tona musu asiri: duba saman bishiyoyi za ka ga ganye kore, a ƙasa kuma busasshe, can nesa ga dogayen itatuwa dangin giginya da babu su a Illinois. A wurin shingen da Annie, ƙawar Laurie, ta leƙa, hayaƙin sigarin Carpenter ma ya ratsa ta gaban kyamara. Sunan garin, Haddonfield, na garin su Debra Hill ne a New Jersey, ita ce suka rubuta labarin tare, ta kuma yi furodusa.

Babbar tsarabar faifan ita ce sabuwar hirar da aka ɗora a kan fim ɗin, Carpenter da Curtis suna zaune tare suna kallo suna magana. Hira ce ta tsofaffin abokai. Ita ba ta son finafinan tsoro, kuma ba ta ɓoye ba, tana razana a wuraren da ita ce a ciki, tana yawan ba da labarin abin da kai ma kana gani a allo. Shi kuma gajeren zance gare shi, sai ya ja ta da tsokana. Da daɗin ji, ba na musu. Sai dai wanda ya zo neman darasi zai riƙa tsinto shi ne ɗaya-ɗaya a tsakanin raha, kuma dole kunnensa ya saba da Turancin Amurkawa, don ba sa jiran kowa.

Ga irin abubuwan da na so a zauna a warware a faifan nan. Fuskar robar da ta zama tambarin fim ɗin, Tommy Lee Wallace, mai tsara wuraren ɗauka, ya saye ta a wani shagon kayan dabo a titin Hollywood Boulevard kan kuɗin da bai kai dala 2 ba. Fuskar Kyaftin Kirk ce na Star Trek, wato kamannin William Shatner. Ya faɗaɗa ramukan ido, ya cire gashin gefen kunne, ya hargitsa sumar, ya fesa mata farin fenti. Ɗayar da suka gwada ta ɗan kama ce mai murmushi, suka ga wannan da ba ta nuna komai ta fi tayar da hankali. Wanda ya sa ta a yawancin fim ɗin, Nick Castle, abokin Carpenter ne tun jami'a, ya zo kallon aiki aka ce ya sa, ana ba shi dala 25 a rana. Curtis, wadda wannan ne fim ɗinta na farko, dala dubu 8 ta samu, kayan da ta sa kuma a kantin JCPenney aka saya kan kusan dala 100. Cikin abin da ya taimaka aka ɗauke ta har da cewa mahaifiyarta, Janet Leigh, ita ce aka kashe a banɗaki a fim ɗin Psycho, kuma sun san 'yan jarida za su so wannan. Sunan likitan ma, Sam Loomis, daga can aka aro shi. Peter Cushing da Christopher Lee duk an kai musu tayin zama likitan suka ƙi, Donald Pleasence ya karɓa, ya yi kwana biyar, ya tafi da dala dubu 20.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na mai riƙe kyamara shi ne buɗewar fim ɗin. Kusan minti huɗu kyamara na tafiya a matsayin idon mai kisan: ta zagaya gida, ta leƙa taga, ta shiga kicin, hannu ya ɗauki wuƙa, ta hau bene, ta sauko ta fita waje. Da Panaglide aka yi, na'urar da ake ɗaura wa mutum a jiki don kada hoto ya girgiza, sabuwar aba a lokacin. Kamar ɗauka ɗaya ce, amma akwai yanka a ɓoye, ɗaya daidai lokacin da aka rufe idon kyamara da fuskar ɗan kama. Hannun da ya ɗauki wuƙar na Debra Hill ne. Gidan kuwa kango ne na gaske da aka yi watsi da shi. Sun fara ɗaukar wuraren da ake son ganinsa a lalace, sannan a ƙarshen aiki kowa da kowa, har 'yan wasan, suka kama fenti da share-share da jera kujeru, iya inda kyamara za ta gani kawai suka gyara. Duk wanda ya taɓa gyara kusurwa ɗaya ta ɗakin amarya don hoto, ya tura tarkace bayan ƙofa, ya san wannan dabarar. Kuma duk da ƙarancin kuɗi sun nace sai sun yi da faffaɗan hoton Panavision, shi ya ba su damar ajiye mutumin a can gefen allo, kai ka gan shi, yarinyar ba ta gan shi ba. Jini kaɗan ne ƙwarai a fim ɗin. Ƙarar sukar wuƙa ma kankana aka soka.

Sautin faifan Dolby TrueHD 7.1 ne, kuma kiɗan ya fito da kyau. Carpenter ya haɗa shi da kansa cikin kwana uku. Bugunsa biyar-biyar ne maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba da shi, shi ya sa ba ya barin mutum ya natsu, kuma mahaifinsa, malamin kiɗa a jami'a a Bowling Green ta jihar Kentucky, shi ya koya masa wannan bugun a kan ƙananan ganguna. A jerin sunaye an rubuta wai ƙungiyar makaɗan Bowling Green ce ta yi, zolaya ce kawai. Carpenter ya sha faɗin cewa ya nuna wa wata jami'ar kamfanin fim aikin kafin a sa kiɗa, ta ce bai ba ta tsoro ba ko kaɗan. Ka rage sautin talabijin ɗinka a wurin da Laurie ke tafiya makaranta, za ka ba matar nan gaskiya.

Sauran tsarabar ba ta taka kara ta karya ba. Akwai wani shiri na kusan awa ɗaya, The Night She Came Home, yana bin Curtis zuwa taron masoya finafinan tsoro a 2012, tana sa hannu a hotuna don tara kuɗin taimakon asibitin yara. Niyya mai kyau, amma layi ne da rungume-rungume, ba abin da zai ƙaru da kai game da fim ɗin. Akwai ɗan gajeren zagayen wuraren da aka yi ɗauka, tsoho ne daga fitowar cikar shekara 25, sai tallace-tallace, sai ƙarin kusan minti 12 da Carpenter ya ɗauka a 1981 don tashar NBC ta cike lokacin da aka yanke. Waɗannan ka gani sau ɗaya ka gane dalilin da ya sa ba sa cikin fim ɗin na asali.

Abin takaicin shi ne Blu-ray ɗin 2007, mai raunin hoton, shi ke ɗauke da dogon shirin A Cut Above the Rest, inda waɗanda suka yi aikin suka zauna suka ba da labarinsa tiryan-tiryan, da kuma tsohuwar hirar da ke da muryar Debra Hill, wadda ta rasu a 2005. Duka biyun babu su a nan. Wato mai son hoto ya sayi wannan, mai son labarin bayan fage ya nemi wancan, mai son duka kuma aljihunsa ya ji a jikinsa.

Kafin ka ba da saƙo a taho maka da shi, duba bayan kwalin ka ga yankin da aka yi faifan dominsa, don Amurka tana rukunin A, mu nan Afirka muna B, kuma ba kowace na'ura ke cin duka ba. Idan kana da talabijin da na'urar 4K, akwai fitowar 2018 da ta 2021 da suka biyo baya, gara ka tambayi farashinsu tukuna. Sannan akwai wurare biyu zuwa uku da tsiraici ya ɗan bayyana, ɗaya tun a mintunan farko, saboda haka ba na falo ba ne lokacin da yara ke kai-komo.