Ƙotar roba a kan tsohuwar libarba: abin da na gani cikin shekara biyu

Na daɗe ina kula da ma'ajiyar makamai da horon harbi a wata hukumar tsaro a nan Bauchi kafin in yi ritaya, kuma a cikin duk makaman da suka bi ta hannuna babu wanda ya shiga raina kamar tsohuwar libarba mai cin harsashi shida. Wannan sharhi a kan ƙotar roba ne, wadda na ɗora wa libarbar da aka ba ni ta aiki, na kuma yi shekara biyu ina amfani da ita, wato rani biyu da damina biyu, waɗanda suka ishe ni in ga amfaninta da illarta.

Ya kamata in fara da batun doka, domin mai karatu ya san matsayin da nake magana daga gare shi. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol a rukunin makaman da aka haramta wa jama'a, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, alhali bindigar farauta tana ƙarƙashin izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki kuma tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Saboda haka irin tara tsofaffin libarba da ake yi a Amurka, inda mutum zai cika kabad da su yana nuna wa baƙi, ba abu ne da ɗan Najeriya zai yi a gidansa ba. Duk bindigar da ta bi ta hannuna mallakar hukuma ce, kuma duk canjin da aka yi mata an yi shi ne a cikin ma'ajiya da sanin na gaba da ni. Abin da ni na tara a tsawon aikina bai wuce sanin tarihinsu ba, sai littafin da nake rubuta lambobi da alamomin da na gani a jikinsu.

Libarbar da nake magana a kanta ƙirar Smith & Wesson ce, samfurin da ake kira Model 10, mai bututu inci 4, mai cin harsashin .38 Special, nauyinta kusan kilo ɗaya. Asalin wannan ƙira ya faro ne tun 1899, ba ta samu lambar 10 ba sai a 1957 lokacin da kamfanin ya fara raɗa wa bindigoginsa lambobi, kuma an ƙera fiye da miliyan 6 nata, shi ya sa 'yan sandan ƙasashe da dama suka rataya ta. Ta zo mini da ƙotarta ta katako, ɓari biyu da sukuru ɗaya ya haɗa su, amma hannayen mutanen da suka riƙe ta kafin ni sun riga sun cinye zanen tsage-tsagen da ke hana santsi, har katakon ya koma sumul kamar taɓaryar da ta shekara goma a hannun mata. Ni kuma Allah ya yi ni da babban hannu mai yawan gumi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin harbi a Bauchi cikin watan Afrilu da tsakar rana ya san abin da nake nufi: bayan harbi na uku sai bindigar ta fara zamewa tana nutsewa cikin tafin hannuna, a kowane hauri kuma, wato bugun baya da bindiga take yi idan an harba ta, ƙarfen da ya kewaye kunama ya bugi gaɓar ɗan yatsana na tsakiya, har wurin ya yi kanta.

Wani abokin aiki da ya je kwas ƙasar waje na roƙa ya sayo mini ƙotar roba, kuma a nan na yi kuskuren farko, wanda nawa ne ba na mai sayarwa ba. Wannan samfuri yana zuwa da gindi iri biyu, akwai mai kusurwa akwai kuma mai zagaye, ni kuwa sunan bindigar kawai na rubuta masa ban faɗi irin gindinta ba. Ya kawo ta mai zagaye, tawa kuma mai kusurwa ce, ƙotar ta ƙi shiga ko kusa, sai da na jira wata huɗu kafin wani ya sake tafiya. Duk mai niyyar saye ya fara kwance tsohuwar ƙotar ya dubi siffar ƙarfen da ke ƙarƙashinta, domin sunan samfuri kaɗai ba ya wadatarwa.

Wadda ta dace ɗin guda ɗaya ce ba ɓari biyu ba, ana zura ta daga ƙasa kamar safa, a ɗaure ta da sukuru ɗaya a gindi, kuma tana da gurbin yatsu uku a gaba. Ɗora ta bai ɗauke ni minti biyar ba. A filin harbi kuwa, gaskiya ta biya kuɗinta tun ranar farko. Robar ta cike ramin da ke bayan ƙarfen kunama, saboda haka nauyin bindigar ya sauka a kan yatsana maimakon ya riƙa bugunsa, kuma ko da gumi ya jiƙa hannuna sharkaf ba na buƙatar gyara riƙo tsakanin harbi da harbi. Wannan shi ne babban abin da ta ba ni. Jan kunamar irin wannan libarba ba tare da an ɗaga gudumarta ba, wato ƙarfen bayanta da ke bugun harsashi, yana buƙatar ƙarfin da ya kai kusan kilo biyar, a kan bindigar da ita kanta ba ta wuce kilo ɗaya ba, don haka idan riƙo ya yi sako-sako bakin bindigar ne zai karkata kafin harsashi ya fita. Da ƙotar robar, harsasaina a nisan mita 15 suka daina warwatsuwa zuwa gefe, suka riƙa taruwa a wurin da tafin hannu zai iya rufewa. Maganar rage hauri da masu talla suke yawan yi ba ta dame ni ba, domin harsashin .38 ba mai tsananin hauri ba ne tun asali. Wanda yake harba harsashin .357 Magnum, mai ƙarfi fiye da wannan, shi ne zai fi jin wannan bambanci.

Matsalar farko ba a filin harbi ta bayyana ba, a kan teburin ma'ajiya ta bayyana. Lambar bindigar tana rubuce ne a ƙasan gindinta, robar kuma ta rufe wurin ruf. A aikinmu ba a fitar da makami ko a mayar da shi sai an karanta lambarsa an gwada da abin da ke cikin rajista, saboda haka ranar da mai bincike ya zo daga hedikwata ya juya bindigar sama da ƙasa bai ga lamba ba, sai ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ke koya wa yara ƙa'ida, kai ne ka rufe lambar makami?" Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, sukuru ɗaya ne." Na kwance na nuna masa, ya duba ya sa hannu, amma daga ranar na san cewa duk bincike sai na nemi sukundireba. Haka kuma tsofaffin da aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna da zobe a gindi wanda ake ɗaura wa igiyar rataya, kuma wannan ƙota ba ta shiga kansu sai an cire zoben, abin da ban yarda a yi wa ko ɗaya ba.

Matsala ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Bayan daminar farko, cikin watan Satumba, na kwance ƙotar domin cikakkiyar sharewa, sai na tarar da tsatsa ta yi ɗigo-ɗigo a jikin ƙarfen, daidai inda robar take manne da shi. Gumi da laimar watan Agusta suna shiga ta bakin robar, ita kuma ba ta barin su fita, sai su kwanta a kan ƙarfe mako da makonni ba wanda ya gani, alhali daga waje bindigar tana ƙyalli kamar ba abin da ya same ta. Na goge tsatsar da mai da lallausan tsumma, mafi yawanta ta fita, amma ta bar ƙananan ramuka guda uku waɗanda ba za su taɓa cikewa ba. Bindigar da ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin katako ba ta yi wannan tabo ba, sai a hannuna cikin wata huɗu. Ina da kaso a laifin tun da ban riƙa kwancewa ba, sai dai takardar da ta zo cikin kwalin ba ta yi gargaɗi a kan haka ba ko da layi ɗaya, kuma ina ganin wannan gazawa ce ga kayan da ake sayar wa mutanen ƙasashe masu zafi. A damina ta biyu na riƙa cire ta duk mako biyu ina shafa mai kaɗan a ƙarfen, tsatsar ba ta dawo ba.

Akwai ƙananan abubuwa kuma. Robar tana kama tufafi, ta yadda idan mutum yana cikin farin kaya ya sa kube a ƙugu, rigarsa takan maƙale a kanta ta nuna siffar abin da ke ƙasa. Da hunturu ƙura tana manne mata har ta koma toka-toka, ko da yake ruwa da sabulu suna wanke ta. Gurbin yatsun nan kuma an auna shi ne da hannun wani, idan ya dace da naka ka ji daɗi, idan bai dace ba babu gyara. Wata jami'a mai ƙaramin hannu da na ba ta ta gwada ta kasa kai gaɓar yatsanta kan kunama yadda ya kamata, ta ce mini, "Oga, tsohon katakon ya fi zauna mini a hannu," kuma sakamakon harbinta ya gaskata ta.

Ta fuskar masu tara tsofaffin makamai kuwa, hukuncin ya fi tsanani, kuma na fahimci dalilinsu ne ranar da na juya ɓarin dama na tsohuwar ƙotar na ga an buga lambar bindigar a cikinsa. A wancan zamani ana daidaita kowace ƙota da bindigarta da hannu a masana'anta sannan a sa mata lamba, saboda haka libarbar da ta rabu da ƙotarta ta asali darajarta tana faɗuwa a wurinsu ko da an sa mata wadda ta fi tsada. Ƙota tana ba da labarin zamaninta. Libarbar Webley Mark VI da sojojin Ingila suka karɓa a 1915 tana da baƙar ƙota ta busasshiyar roba mai tauri, wadda takan tsage idan ta tsufa. Enfield No. 2 da ta biyo baya an yi mata wani samfuri da aka datse wa ƙahon guduma domin kada ya riƙa maƙalewa a cikin tankar yaƙi, labarin da mu mutanen Bauchi, garin da makarantar sojojin tankoki take, ya kamata ya ba mu sha'awa. Janar Patton na Amurka ya shahara da libarba masu ƙotar hauren giwa, cikinsu har da Colt ƙirar 1873, amma wannan ado ya zama tarihi tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, kuma wanda ya taɓa ganin garken giwaye a Yankari ba zai yi kewarsa ba.

Kusan ƙarshen shekara ta biyu wani ma'aikacin ma'ajiyarmu, wanda gidansu masassaƙa ne, ya nemi izini ya sassaƙa ƙota daga guntun maɗobiya, ya kwaikwayi kaurin ta robar da yadda ta cike bayan kunama, amma ya bar gindin a buɗe domin lamba ta fito. Ya yi kwana tara yana aikin da ƙaramar wuƙa da samfefa, yana kawo mini ina riƙewa yana ragewa, har ta zauna daidai tafin hannuna. Ba ta kai robar kama hannu ba idan gumi ya yi yawa, wannan ba zan ɓoye ba, amma ba ta kama riga, ba ta rufe lamba, kuma jan launin maɗobiya a jikin baƙin ƙarfe abin kallo ne. Da ita na ƙarasa watannina na ƙarshe.

Ga jami'in da aikinsa ya ƙunshi yawan harbi a fili, mai babban hannu, wanda kuma ba ya ƙyuyar kwance sukuru duk mako biyu da damina, ƙotar roba ta cancanci saye, kuma zan sake sayenta idan na koma wancan matsayi. Ga tsohuwar libarba mai tarihi wadda ba a fita da ita sai ranar bincike ko baje koli, ban ga dalilin ɗora mata ita ba. Ranar da zan miƙa ragamar ma'ajiya na mayar wa bindigar da ƙotarta ta asali mai lamba, na rubuta ramukan tsatsar nan uku a cikin rajista da hannuna, sannan na ba wanda ya gaje ni ta robar a cikin kwalinta, tare da sukundireban da nake kwance ta da shi.