Wata Uku a Wajen Mai Koyar da Ganga a Jos

Shekara shida ina kaɗa gangunan Turawa a majami'armu, har na fara jin kaina. Ranar da na fara zuwa wajen malamin nan, wani dattijo mai ɗan ɗakin koyarwa kusa da Taminus, ya bar ni na yi ta zuba gwaninta, sannan ya ɗaga hannu. "Ɗana, hannu kam akwai. Amma kiɗanka bai zauna ba, sai ka ce korarka ake yi."

Makaɗan Amurka shiga aljihu suke ce wa abin, wato kiɗa ya daidaita da na sauran makaɗa ba gaggawa. Shi dai Baba zama yake cewa, kuma tasa ta fi shiga kunnena.

Mako uku cur bai bar ni na yi ko kwalliya ɗaya ba. Ya saita na'urar ƙirga bugu a kan 70 a minti: gangar ƙafa a ɗaya da uku, ƙaramar gangar tsakanin gwiwoyi a biyu da huɗu, shi ke nan. Na ji haushi, don ba da ganye na biya ba. Sai a mako na huɗu ya ɗauko jitar bas, ya ce ƙafata ta riƙa sauka tare da yatsansa har mai saurare ya kasa raba su. Ƙaramar gangar kuma in ɗan jinkirta ta, jinkirin da ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo. Da na dace sau ɗaya, sai na ji kafaɗuna sun saki da kansu.

Yakan kunna mini Clyde Stubblefield, makaɗin James Brown, da Tony Allen da ya riƙe wa Fela ganga har 1979. Amma misalin da ya fi kama ni na gida ne: ɗan kuntuku da ke riƙe zaren kiɗa ba gaggawa, mai kalangu na ta surutunsa a kai.

Aibin wurin? Zafi kamar tanda, ba janareta, kuma ɗaya daga cikin farantan ƙarfen da ake bugawa tare da gangunan ya tsage, ƙararsa kamar murfin tukunya. Baba ma ba ya jin kunyar makara.

Ran Lahadin da ta wuce matan zumunta sun tashi rawa tun kafin mawaƙa su buɗe baki, mai bas ɗinmu ya waigo yana murmushi. Na riga na biya na wata uku masu zuwa. Mai niyyar zuwa ya riƙo sandunansa, na can duk sun cinye.