Allurar Asma da ta Alaji: Wacce Ta Dace da Mai Tsoron Allura?

Da yawa daga cikin masu fama da asma ko alaji, da zarar likita ya ambaci allura sai hirar ta tsaya cik. Mutum ya gwammace ya ci gaba da kwana a zaune yana kokawa da numfashi. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, amma tsoron iri-iri ne, kuma alluran ma ba ɗaya ba ne. Wani zafin sukar yake gudu, wani ganin bakin allurar ne ke sa shi jiri, wani kuwa fargabarsa kada jikinsa ya ƙi karɓar maganin. Sai ka gane wanne ne naka kafin ka san abin da ya kamata ka zaɓa.

Ta farko ita ce allurar horar da garkuwar jiki. Tsohuwar hanya ce, tun a 1911 likita Leonard Noon ya fara ta a Landan. Ana ɗaukar ɗan mitsitsin abin da ke tayar maka da cuta, ƙurar furanni ko ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki ko dafin zuma, a riƙa sa maka ƙarƙashin fatar damtse, ana ƙarawa da kaɗan-kaɗan har jiki ya saba. Da farko sau ɗaya ko biyu a mako na tsawon wata 3 zuwa 6, daga nan sai a koma kamar sau ɗaya a wata, shekara 3 zuwa 5. A watannin farko ita ce ta fi kowacce yawan suka, wannan gaskiya ne. Amma amfaninta yakan ɗore ko bayan an daina. A asibiti ake yin ta, kuma dole ka zauna minti 30 bayan an yi, don idan jiki zai yi bori mai tsanani yawanci a wannan tsakanin yake yi. Ba a yi wa wanda asmarsa ke tashi a lokacin.

Wanda sam ba ya son ganin allura yana da mafita a nan: ƙwayar da ake sa wa ƙarƙashin harshe kullum. Ta farko kaɗai ake sha a gaban likita, sauran a gida. Sai dai ba kowane irin alaji take da shi ba, an fi samun ta ƙurar ciyawa da ta ƙwarin ƙura, kuma takan sa ƙaiƙayin baki a makonnin farko. Mai mantuwa kada ya ruɗi kansa, ƙwayar da ake tsallake wa kwanaki ba ta aiki.

Rukuni na biyu su ne sababbin alluran asma mai tsanani, waɗanda ke toshe wani takamaiman sinadari da ke haddasa kumburin hanyoyin numfashi. Ba na kowa ba ne. Na wanda yake amfani da abin shaƙarsa yadda ya kamata ne amma har yanzu ciwon na kayar da shi. Omalizumab, da ake sayarwa da sunan Xolair, ita ce ta fara fitowa a Amurka a 2003, ana yin ta duk mako 2 ko 4 gwargwadon nauyin mutum da sakamakon gwajin jininsa. Mepolizumab duk mako 4 ce, haka ma tezepelumab. Dupilumab duk mako 2, kuma tana taimaka wa mai fama da ƙyasbin fata mai ƙaiƙayi tare da asma. Benralizumab kuwa, bayan ukun farko da ake yi wata-wata, sai ta koma duk mako 8. Ga mai ƙidayar suka, wannan bambanci ba ƙarami ba ne: wajen sau 6 a shekara maimakon 26 na wadda ake yi duk mako 2. Amma gwajin jini ne ke fara tantance wadda za ta yi maka aiki, sannan son ranka ya biyo baya. Dukkansu suna da tsada, a firji ake ajiye su, kuma ba sa maye gurbin abin shaƙa. Mai tsutsar ciki ana so a yi maganinta kafin a fara.

Batun borin jiki mai haɗari ba tatsuniya ba ne. Da omalizumab yakan faru ga kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 1,000, galibi a allurai ukun farko, shi ya sa ake yin su a asibiti kafin a yarje maka yi a gida. A ganina ya kamata a ɗora wannan a sikeli ɗaya da abin da mutane ba sa tsoro alhali ya fi cancanta: yawan shan ƙwayar prednisolone duk lokacin da ciwo ya tashi, wadda a hankali take raunana ƙashi, ta tayar da suga da hawan jini, ta kawo yanar ido.

Idan an ba ka zaɓi tsakanin sirinji da wadda aka yi kamar biro, mai tsoron ganin allura ya ɗauki biron. Za ka cire murfin, ka dafa shi a cinya ko a ciki, ka danna. Sai ka ji ƙas, ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi har maganin ya gama shiga, ka ɗaga. Bakin allurar ba za ka gan shi ba daga farko har ƙarshe. Abin da ya rage ɗan ja ne ko kumburi kamar cizon sauro. Sirinji kuma ya fi dacewa da wanda ke son shi da kansa ya tura maganin a hankali, don wasu ƙarar biron ce ke firgita su. Fito da maganin daga firji ya huce na wajen rabin awa ko fiye, yadda takardarsa ta ce, domin mai sanyi ya fi zafi. Akwai man kashe zafi da ake shafawa awa ɗaya kafin a yi, yana da amfani sosai ga yara. Mai suma idan ya ga allura ya faɗa wa nas tun farko a yi masa a kwance, ya riƙa ɗaure tsokar ƙafafu da hannaye yana saki don jininsa kada ya faɗi.

Akwai allura ɗaya da ba a ciniki a kanta: adirenalin ta gaggawa, irin su EpiPen, ga wanda abinci ko harbin zuma ke iya toshe wa maƙogwaro. A gefen cinya ake soka ta, ko da ta saman tufafi ne, nan take, sannan a garzaya asibiti. Amurka ta amince da wadda ake fesawa a hanci a 2024, amma ba ko'ina ta kai ba. Ka nemi na'urar gwaji marar allura ka yi ta maimaitawa, kai da mutanen gidanka, har hannu ya saba tun kafin ranar buƙata ta zo.