Anker 737: shin ya cancanci gurbi a jakar mai aikin tafi-da-gidanka?

Duk wanda yake aiki da kwamfuta a wurare daban-daban, yau a ofishin abokin hulɗa, gobe a ɗakin karatu ko a tashar mota, ya san cewa kafaɗa ce take biyan kuɗin duk abin da aka cusa cikin jaka. Da wannan ma'auni na duba fawa bankin Anker 737, wanda kamfanin Anker na ƙasar Sin ya fitar a shekarar 2022 a kan farashin da ya kai kimanin dala 150.

Maganar nauyi ce ta farko, kuma ba ta da daɗi. Na'urar tana da nauyin kusan gram 630, wato ta ɗara ledar fiya wota nauyi, ga ta kuma da kauri, don haka ba ta kwanciya a aljihun jaka yadda siraran fawa banki suke kwanciya. Idan aka haɗa ta da kwamfuta mara nauyi irin MacBook Air mai injin sarrafa bayanai na M1, wadda nauyinta kilo 1.29 ne, an doshi kilo 2 ke nan tun kafin a sa caja, igiyoyi da na'urar intanet ta tafi-da-gidanka. Wanda wayarsa kawai yake son ya riƙa cajawa ba shi da hujjar ɗaukar wannan kaya, ƙaramin fawa banki mai 10,000mAh (mAh ma'aunin girman batiri ne) ya wadatar da shi.

An rubuta 24,000mAh a jikin kwalin, amma adadin da ya fi amfani ga mai kwamfuta shi ne 86.4Wh, wato ainihin yawan wutar da batirin yake adanawa. Batirin MacBook Air ɗin da na ambata 49.9Wh ne, sai dai kada a raba wannan da wancan a ɗauka za a samu ciko kusan biyu, domin wani kaso na wutar yana salwanta ya zama zafi yayin da ake sauya ƙarfinta. Abin da za a sa rai da shi shi ne ciko ɗaya cikakke da ragowar da za ta tayar da waya. Adadin 86.4Wh ɗin yana ƙasa da 100Wh, iyakar da kamfanonin jiragen sama suka saba amincewa da ita, saboda haka ana iya shiga jirgi da fawa bankin a jakar hannu, amma ba a sa shi cikin akwatin da za a auna a tura ƙasan jirgi.

Inda na'urar ta yi zarra, a ganina, shi ne saurin cikarta. Yawancin masu talla suna jaddada cewa tana fitar da wuta har wat 140 ta ramin USB-C, alhali ga mutumin da ke zaune inda ake kawo wuta na ɗan lokaci a sake ɗaukewa, abin da ya fi muhimmanci shi ne tana karɓar wuta da irin wannan ƙarfin. Da caja mai wat 140 tana cika cikin kimanin awa ɗaya, da mai wat 65 kuma takan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ma'anar wannan ita ce idan aka tayar da janareta tsakanin Magariba da Isha'i, ko aka samu soket a gidan abinci na tsawon zaman cin abinci, mutum zai tashi da wutar da za ta kai shi wunin gobe. Sai dai babu kan caja a cikin kwalin, igiya ce kawai da 'yar jakar adana shi, kuma wanda ya jona shi da cajar waya ta wat 18 zai yi jiran awa biyar ko fiye, ya ga kamar an cuce shi.

Akwai ɗan allo a gaban fawa bankin da ke nuna kashi nawa ya rage, wat nawa ke shiga ko fita ta kowane rami, da kuma lokacin da ya rage kafin ya cika. Na fi amfana da shi wajen tantance igiyoyi: a jona kwamfuta da igiya ɗaya allon ya nuna wuta tana gudu, a sauya da wata mai kama da ita sak adadin ya faɗo ƙasa warwas. Dalili kuwa shi ne igiyar USB-C ta gama-gari ba ta wuce wat 60, sai wadda aka sa wa ɗan guntun na'urar tantancewa a bakinta. Da haka mutum zai rage tarin igiyoyin jakarsa zuwa biyu masu kyau.

Ramukansa uku ne, USB-C biyu da USB-A ɗaya, kuma idan aka jona na'urori uku a tare, wat 140 ɗin ne ake raba musu. Kafin a saya, wajibi ne a duba gefen kwamfuta a tabbatar tana karɓar caji ta USB-C, domin da yawa daga kwamfutocin HP da Dell na hannu da suka cika kasuwanninmu masu zagayayyen bakin caja ne, kuma a wasunsu ramin USB-C ɗin na tura bayanai ne kawai. Haka kuma batirin litiyam ba ya jituwa da zafi, don haka barinsa a mota a rufe cikin ranar watan Afrilu yana rage masa kwana.

Jakar da na ga ta fi dacewa da shi ita ce mai ɗauke da kwamfuta, wannan fawa banki, ƙaramar caja mai wat 65 ko sama da haka wadda za ta yi wa kwamfuta da waya da shi kansa aiki, da igiya biyu. Idan aka ajiye babbar cajar kwamfuta a gida, an fanshe wani ɓangare na nauyin. Tun da jabun kayan caji sun yi yawa, a saya a wurin dillalin da zai ba da rasit da garanti, a kuma jona shi da kwamfutar a cikin shagon a ga abin da allon ya nuna kafin a biya kuɗi.