Walwalar dabbobi ko kare namun daji: wanne ya dace da likitar dabbobi?

'Yar'uwa, kin ce kin gama likitancin dabbobi, kina neman digiri na biyu, amma kin rasa na ɗauka tsakanin walwalar dabbobi da kare namun daji, don a ganinki duk tafiyar ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce, wani lokacin ma har karo suke yi.

Masanin walwala dabba guda yake dubawa: tana jin ciwo, tana cikin tsoro, ko ta sake? Fannin ya taso ne daga gonakin kiwo na Birtaniya. Rahoton 1965 na kwamitin Brambell, wanda gwamnatin ƙasar ta kafa don duba halin dabbobin kiwo, shi ne tushen abin da ake kira 'yanci biyar, wato dabba ta tsira daga yunwa da ƙishirwa, da takura, da ciwo, da tsoro, ta kuma samu yin ɗabi'arta. A 1986 Jami'ar Kambirij ta naɗa Donald Broom farfesan farko a fannin. A karatun za ki yini kina lura da motsin kaza ko saniya kina rubutawa, ki auna sinadarin kotisol, wanda ke ƙaruwa idan dabba tana cikin damuwa, a jini ko a kashi, ki karanta dokoki.

Shi kuwa mai kare namun daji jinsin dabbar gaba ɗaya ne damuwarsa. Giwaye nawa suka rage, suna ƙaruwa ko raguwa, dajin zai ɗauke su? Kayan aikinsa kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya, da na'urar GPS a wuyan dabba, da taswira, da ƙididdiga mai yawan gaske. Wanda ke gudun lissafi zai sha wuya a nan. Kuma abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, yawancin aikin da mutane ake yin sa: manomin da giwa ta tattake wa gona, makiyayin da zaki ya kashe wa saniya, mafarauci, jami'in kwastam mai aiki da yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Ga inda suke karo. A tsibirin South Georgia da ke kudancin tekun Atilantika, ɓerayen da jiragen ruwa suka kai suna cinye ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. Daga 2011 zuwa 2015 aka yi ta watsa guba daga jirage masu saukar ungulu, a 2018 aka sanar babu ɓera ko ɗaya. Masu kare namun daji suka yi murna, kuma da gaskiyarsu, tsuntsaye sun farfaɗo. Masanin walwala kuwa zai tuna miki cewa gubar tana hana jini daskarewa ne, ɓera yakan kwana da kwanaki kafin ya mutu. Ki tambayi kanki ɓangaren da zuciyarki ta fara karkata da kika karanta wannan.

Ta fuskar aiki, walwala na kaiwa mahauta, gidan zu, ɗakunan gwaji da hukumomin sa ido kan kiwo. Kare namun daji na kaiwa gandun daji da ƙungiyoyi, sai dai aikin yawanci kwantiragi ne da ke ƙarewa da ƙarewar tallafi.

A nawa ganin, karatunki ya fi kusa da walwala, tunda kin riga kin san jikin dabba da alamun ciwo. Jami'ar Edinbura ta daɗe tana koyar da shi. In kuma daji ne ke ranki, ki duba kwas ɗin lafiyar namun daji da kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College ke yi tare da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Zoological Society of London, don likitocin dabbobi aka tsara shi. Kowanne kika ɗauka, kafin ki cike fom ki binciki malamin da zai duba kundinki, ki ga irin binciken da ɗalibansa suka yi.