Zuwa ga Yaya a Aboabo: kafin ka sayar da fili saboda ƙugu

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, da Mma, da Hajiya da yara, da duk mutanen gida. Mu nan Birmingham lafiya lau, sai sanyi da ya sa mu a gaba.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Ka ce yara sun nuna maka bidiyona ina buga ƙwallo, kai kuwa da idonka ka ga yadda na sauko daga mota a 2013 ina jan ƙafa kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Ka ce za ka sa filin nan a kasuwa, ka zo ko ka tafi Indiya a yi maka irin aikin da aka yi mini. Don Allah ka dakata da maganar fili tukuna. Ƙwallon da ka gani ma ta tsofaffi ce, ta 'yan sama da shekara 50, da tafiya ake buga ta, wanda ya yi gudu alƙali ya hura masa usur. Yaran sun yanko maka inda na ci ne kawai.

A gida kowa cewa yake an canza mini ƙashi. Ba a canza ba. Ƙashin cinya yana da mulmulallen kai kamar na taɓarya, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙugu kamar turmi. Guringuntsin da ke tsakaninsu ne ya cinye, ƙashi ya koma gogar ƙashi. A aikin da aka fi sani, irin wanda ake yi a Gee, babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, da asibitin Korle Bu na Akra, yanke kan ake yi gaba ɗaya, a soka doguwar sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, a ɗora mata sabon kai. Ni kuwa fere kan aka yi kamar doya, aka kifa masa hular ƙarfe, aka dasa ƙoƙon ƙarfe a cikin gurbin. Ƙarfe kan ƙarfe ke nan, haɗin kobalt da kuromiyam. Da yake kan ya kusa girmansa na asali, ba ya saurin gocewa, kuma in wata rana ya gaji, akwai sauran ƙashin da za a yi babban aikin a kai.

A garin nan aka haifi samfurin da ke jikina. Likitan ƙashi Derek McMinn da abokin aikinsa Ronan Treacy ne suka fito da shi a 1997, shi ya sa yake ɗauke da sunan Birmingham, kuma Amurka ba ta amince da shi ba sai 2006. Wanda ya ƙara yaɗa labarin irin wannan aiki shi ne Andy Murray, ɗan wasan tanis. An yi masa a Janairun 2019, watan Oktoba bai fita ba ya ɗauki kofi a Antwerp. Tun daga nan duk mai ciwon ƙugu hula yake so. Amma Murray yana da shekara 31 a lokacin. Ni ina da 46 da aka yi mini a 2014. Kai kana da 66, ga sukari, ga shi ka ce likita ya ja maka kunne a kan ƙoda.

Ƙodar nan ita ce babbar magana. Ƙarfen biyu suna gogar juna kullum, wani gari-gari da ido ba ya gani yana shiga jini, ƙoda ce ke tace shi. Mai raunin ƙoda ba a sa masa. Hular kuma tana son ƙashi mai kauri da ƙwari, in ba haka ba wuyan ƙashin ya karye a ƙarƙashinta. A 2010 kamfanin DePuy ya janye nasa samfurin daga duniya baki ɗaya saboda yawan lalacewa, a 2015 kuma masu yin na Birmingham suka daina bayar da shi ga mata da masu ƙaramin ƙashi. Ka faɗa wa Kawu shi ma, game da yaronsa mai sikila: inda kan ƙashi ya mutu sosai don rashin jini, hula ba ta da wurin zama.

To, maganar kuɗi. Gaskiya ne ban biya ko pesewa ɗaya a asibiti ba, tun 1948 haka tsarin asibitin gwamnati yake a ƙasar nan. Amma duk wata kafin albashi ya shigo hannuna an riga an yanki haraji, shekara da shekaru. Baƙo mai bizar ziyara ba ya cikin wannan rabo. Cajinsa ake yi kuɗin aikin har da ƙarin rabi a kai. Wanda ya zo da bizar zama kuwa, tun Fabrairun 2024 fam 1,035 yake biya na lafiya a kowace shekara, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. A asibitin kuɗi aikin ƙugu ya haura fam 10,000. Ka juya shi zuwa sidi, ka ɗora kuɗin jirgi, ka gani ko filin zai kai.

Kyautar kuma da layinta take zuwa. Ba ka isa ka tashi ka je wurin likitan ƙashi kai tsaye ba, sai likitan unguwa ya rubuta maka takarda. A rubuce mako 18 ne ya kamata mutum ya jira. Ni wata bakwai na yi, ina tuƙa bas da ciwon, ina sauka a ƙarshen layi ina dafa bango. A Kumasi in kuɗinka na hannu rana tana matsowa kusa. A nan babu wanda za ka gani, babu ɗan uwan da ya san wani.

Aikin kansa ba ni da ta cewa sai godiya. Tsafta, kayan aiki, bayani dalla-dalla, har da zane aka yi mini a takarda. Washegari aka tayar da ni tsaye, rana ta uku aka gwada ni a matakala, aka ce gida. Da kaya aka sallame ni: sandunan dogarawa biyu, abin ɗorawa a kan masai don ya yi tsawo, wata sanda mai baki kamar na kada ta ɗaukar abu daga ƙasa, wata roba ta zura safa ba tare da sunkuyo ba, da allurar hana jini daskarewa da na riƙa yi wa kaina a ciki har mako huɗu.

Ka san me ya sa suke da waɗannan kayan? Don babu mutane. Matata aikin dare take yi, da rana barci ya zama dole, yara suna makaranta. Wata safiya carbina ya suɓuce ya faɗi ƙarƙashin kujera, sandar mai baki kuma na baro ta a ɗaki. Ina zaune ina kallonsa, yana kallona, tun hantsi har Azahar, an hana ni sunkuyo, kuma na ji nauyin tashin baiwar Allah. A ranar na tuna lokacin da Baba ya kwanta, yadda tsakar gida ta cika da kuloli, wannan ta kawo koko da ƙosai, wancan ya zo karanta Yasin, yaran maƙwabta suna rige-rigen ɗauko buta. Mun riƙa ƙorafin cewa ba a barin marar lafiya ya huta. Da za a aiko mini da rabin wannan damun a Birmingham, da na karɓa hannu biyu.

Kayan kuwa babu abin mamaki a cikinsu. In ka kai wa mai walda a Suame Magazine hoto, kafin La'asar ya haɗa maka sanduna da abin dafawa na banɗaki, kafinta a Sokoban ya ɗaga maka ƙafafun gado da kujera. Nan in robar ƙasan sanda ta cinye, sabuwa za ka nema. A Kejetia mai gyaran takalmi zai yanko tsohuwar taya ya buga maka, ta fi ta kamfani daɗewa. Inda Turawan nan suka fi mu shi ne tsare magani. Farasitamol ƙwaya 16 ne a kwali a kanti, ba za a bar ka ka kwashi da yawa ba, maganin da likita ya rubuta kuma fam 9.90 ne kowane ɗaya, mai tsada da mai araha. Da farko haushi ya riƙa ba ni. Yanzu da na ji kana aika yaro kemis ya sayo maka diclofenac kana sha safe da yamma, na gane amfanin takurar. Irin wannan maganin yana cin ƙoda, Yaya. Ka ajiye shi har ka ga likita.

Gashin ƙashi sau kaɗan aka yi mini, sauran aka ba ni a takarda aka ce in yi a gida. Mako shida na ajiye sanduna, na fara tafiya a bakin magudanan jiragen ruwa da suka ratsa garin nan, hanya shimfiɗe, babu rami babu babur. Daga baya na shiga wurin ninƙaya na ƙaramar hukuma, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Gudu da tsalle sai da aka shekara.

Amma ma'aunina ba ƙwallo ba ce, salla ce. Wata uku ina sahun masu kujera a masallaci, tsakanin dattawan Pakistan da Somaliya, ni ne yaro a cikinsu. A wata na huɗu na fara sujada a gida, na dafa gefen gado na sauka a hankali kamar raƙumi. Da goshina ya taɓa darduma sai da na daɗe ban ɗago ba, matata ta zaci na maƙale ne. Zaman tahiya ya fi ba ni wuya, don ƙugun hagu ne, kuma ƙafar hagun ake shimfiɗawa a zauna a kai. Kusan shekara na yi kafin ya zauna daidai. Yau shekara 11 ke nan, ina tarawihi a tsaye, ina tuƙi awa takwas. Abin da ya rage shi ne ɗan tsami in na daɗe a zaune, da wani ɗan ƙas da nakan ji jefi-jefi in na juya. Masu tambaya ko ƙarfen yana yin sanyi da hunturu, ka ce musu a'a, ɗuminsa ɗaya da na jiki.

Abin da ba ya fitowa a bidiyo shi ne bibiya. Tun 2003 suke da rajistar ƙasa inda ake rubuta gaɓoɓin da aka dasa wa mutane, da sunan kamfani da lamba. In wani samfuri ya fara ba da matsala, sun san jikin wa yake. Ni wasiƙa ce ke iso ni har gida: shekarar farko, ta bakwai, ta goma, a ɗauki hoton ƙashi, a auna kobalt da kuromiyam a jini. Ƙarfen yana iya ɓata naman da ke kewaye da shi mutum bai ji ciwo ba, shi ya sa ba a jiran ciwo. Wanda ya je Indiya aka kifa masa hula ya dawo Aboabo bayan mako uku, wa zai aiko masa da wasiƙa a shekara ta bakwai? Gwajin kuma ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake yi a kowane lungu.

Zuwana Babbar Salla na gwada ƙugun a ƙasarmu. Ƙofar bincike ta filin jirgi ta yi kuka a Landan, ta yi a Akra, na saba. Kujerar baya ta trotro, ƙaramar motar haya, inda gwiwa ke taɓa haɓa, ita ce jarrabawa ta farko. Sai pragya, keken haya mai ƙafa uku, a kan ramuka, sai tsallaken kwata a ƙofar gidan Kawu, sai masan tsugunno. Duk na ci, amma mai sabon aiki ba zai ci ko ɗaya ba, ka sa wannan a lissafi. A nan Birmingham bas har durƙusawa take yi don mai sanda ya hau. Sai dai a mako huɗun da na yi a Kumasi ban ji tsamin nan ko sau ɗaya ba. Ga zafi, ga tafiya masallaci sau biyar, ga zagayen gaisuwa daga Asawase zuwa Sabon Zongo. Waakye da tuwo ne kawai suka ƙara mini kilo uku, ƙugu kuwa ba ya son kaya.

Shawarata, ka je Gee ka ga likitan ƙashi, ka tafi da sakamakon sukari da na ƙoda. Mai ɗori ya bar shafa maka magani haka nan, ba karaya ba ce, guringuntsin da ya cinye ba ya tsirowa. In likita ya ce aiki, cikakken canji ne ya dace da shekarunka, kuma masu shi suna tafiya, suna salla, suna zuwa Hajji. Katin inshora ba ya biyan kuɗin ƙarfen, wannan na sani, amma ni da ƙanwarmu ta Hamburg mun yi magana, za mu haɗa mu turo ta MoMo, asusun kuɗi na waya. Ka roƙi likita ya rubuta maka sunan abin da ya sa da lambarsa, ka adana tare da takardun fili.

Ka sa yaro ya manna hoton ƙashin a jikin taga da rana, ya ɗauka da waya ya turo ta WhatsApp, kada ya kunna fitilar wayar. A auna mini faɗin bakin masan ɗakinka, akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan ba shi abin ɗorawar da sandar mai baki, suna nan a ajiye tun 2014. In zai dawo a ba shi daddawa da yaji da kuka. Kada Mma ta cusa kilishi a ciki kamar wancan karon, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za a ƙwace.

Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ina rusunawa har ƙasa yanzu.

Ƙaninka,
daga Birmingham